Ki Tafi da Kyanwoyinki, Auta

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga mahaifiyarki a Jugu, zuwa ga autata Mariyama da ke unguwar Ganu, a Paraku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki Mushe, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku a gida, ya tsare ku a hanya. Da hannuna na rubuta ta, da ajamin nan da na koya miki kina ƙarama, don kada bakin wani ya shiga tsakanina da ke.

Saƙonki ya iso ta hannun direban kamiyo, babbar motar nan mai ɗaukar doya. Na ji an ɗauki Mushe aikin koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar Gabon, za ku bi jirgin ƙasa zuwa Kutunu, daga can ku hau jirgin ruwa. Na yi murna ƙwarai. Tun da muka samu mulkin kai ake ta ɗibar 'yan bokonmu zuwa ƙasashe, ban ga dalilin da zai sa mijin 'yata ya zauna a baya ba. Na kuma ji abin da ke damunki, wato kyanwoyinki biyu, Toka da Citta, da surutun da dangi ke yi a kansu.

Gwaggonki Asabe ta zo har ɗakina, ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Yaya, kin ji abin da 'yarki za ta yi? Mutane na tafiya da buhun gero, ita za ta tafi da mage! Da ta haihu ai da ba ta samu lokacin wannan wautar ba."

Na bar ta ta gama, na miƙa mata goro, sannan na ce, "Asabe, ranar da yayanki ya tafi da ni Kumasi, me ke cikin kwandon da na rungume?"

Ta kau da kai ta ɓantari goron, don ita ce ta ɗaure mini murfin kwandon da igiya.

To ki ji daga bakina: ki tafi da su. Haihuwa ta Allah ce, in lokacinta ya yi ba kyanwar da za ta tare mata ƙofa. Dabbar da kika raina da hannunki amana ce, ba a zubar da amana don gudun dariyar mutane. Amma na riga ki bin wannan hanya, kuma na yi tuntuɓe a wurare da dama. Zan nuna miki su don ki tsallake.

Ban daɗe da aure ba babanki, Allah ya jiƙansa, ya ce ya gaji da kai-da-komo, zai zauna a Kumasi ya riƙa aiko da goro gida. Ina da wata kyanwa fara mai baƙin tabo a ido ɗaya, muna kiranta Wake. Na sa ta a kwando, muka hau kamiyo tare da wasu fatake masu kanwa da albasa. Da muka kai babban kogin nan da ake fito, aka tsaya jiran jirgi. Wake tana ta kuka tun safe har muryarta ta dushe. Tausayi ya kama ni, na ce bari ta ɗan miƙe ƙafa. Buɗe murfin ke da wuya wani jaki ya yi kuka a bayanmu, ta fice kamar kibiya ta faɗa cikin ciyawa. Na zauna a ƙasa na ce ba inda za ni ba tare da ita ba. Jirgi ya zo ya ɗauki wasu, aka bar mu. Auta, da kin ga dattawa masu furfura sun tattare riguna sun shiga ciyawa suna "mus, mus". Daga ƙarshe aka hango ta a kan wata bishiyar ƙaya. Babanki ya hau, ƙaya ta yage masa riga, kyanwa ta yakushe masa hannu. Saboda ni fataken nan suka rasa ranar kasuwa. Bai yi mini faɗa a gabansu ba. Sai da muka ƙetare ruwa ya ce, "Habi, tausayin da ya zo ba a lokacinsa ba, shi ma cuta ne."

Don haka daga ƙofar gidanki a Ganu har ki shiga ɗaki a Gabon ki rufe ƙofa, kada ki sake su, kome kukansu. Kowace da akwatinta mai ramukan iska, don tsoro kan sa ko 'yan uwa su yi faɗa. Tun yanzu ki ajiye akwatunan a buɗe a ɗaki, ki riƙa zuba musu abinci a ciki, su saba. Ki shimfiɗa musu tsohon zanenki wanda ba ki wanke ba, ƙamshin jikinki zai kwantar musu da hankali. Ranar tafiya kada ki cika musu ciki, ruwa dai kada ya yanke. Kin san yadda jirgin Paraku ke busa in zai tashi, ki lulluɓe su da mayafi kafin lokacin. In shara ta kama, ki nemi wuri mai ƙofa ki rufe tukuna. Kin ce akwai allura da takardar likitan dabbobi da 'yan duwan, wato kwastan, za su nema. A zamaninmu babu wannan, ban san kansa ba. Abin da na sani shi ne kada ki jira ranar tafiya, kuma takardun su zauna a jikinki, ba a cikin kayan da za a jefa ƙasan jirgi ba.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan muni, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da muka isa Kumasi zangon Hausawa ya cika, sai muka samu ɗaki a bakin zangon, a gidan Tonawa, wato mutanen garin. Maigidan dattijo ne mai faɗa a ji a wurin masu gonakin goro, ta hannunsa babanki ke samun kaya, kuma rumbun ajiyarmu a ƙofar gidansa yake. Ƙanwarsa tana zaune a ɗakin da ke jikin nawa, tana bandar kifi tana sayarwa. Kullum da safe takan yi mini magana da yarensu tana murmushi, ni kuwa in ɗaga kai in wuce. Matan zango sun riga sun gaya mini cewa a ƙasar akwai masu cin mage, in kula. Na riƙe wannan magana kamar karatu. Duk wanda ya kalli Wake sai in ga tukunya yake tunani.

Wata damina Wake ta ɓace. Na duba gida, na duba kwata, na duba rumbun goro, babu ita. Ina zaune ido ya kumbura, sai ga maƙwabciyata a bakin ƙofa da tiren kifi a ka. Ta sauke tiren, ta yi kukan mage da bakinta, ta shafa cikinta, ta kwashe da dariya. Ta sake yi, ta sake shafa ciki.

Auta, me za ki fahimta? Ni dai na ce ta cinye ta, ta kuma zo ta yi mini ba'a. Na miƙe na zazzage mata zagi da Hausa, na ƙara da Dandancinmu na Jugu, na sa ƙafa na kifar da tiren kifinta cikin laka. Gida ya taru. Maigidan ya fito, ya dubi kifin, ya dubi ƙanwarsa, ya aika a kira babanki daga kasuwa. Ya ce mu kwashe kayanmu daga ɗakin, mu kwashe goronmu daga rumbu, hulɗarsa da mu ta ƙare. Na ga fuskar babanki a ranar. Duk abin da ya ƙetare koguna ya zo nema, na watsar da shi da ƙafata.

Allah ya kawo wata tsohuwa daga zango, Iya Talatu, wadda ta tsufa a garin ta iya Tonanci. Ta saurari matar, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke yarinya, bi ta."

Matar ta kama wuyan hannuna, ba da wasa ba, ta ja ni bayan murhun bandarta inda take ajiye itace. Ga Wake kwance a kan zanen matar, ga 'ya'ya suna shan nono, ga kawunan kifi a kasko a gefe. Ashe haihuwa ta yi. Ni da ke ganin cikinta na ɗauka ƙiba ce. Shafa cikin da matar ke yi, albishir ta zo yi mini.

Na durƙusa a cikin lakar nan ina tsince kifi ɗaya-ɗaya. Babanki ya ɗauko dattawan zango aka yi ta ban haƙuri. Maigidan ya ce maganar ba tasa ba ce, ta wadda aka zaga ce. Ita kuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana, Iya Talatu ta fassara.

"Ta ce kifi ba komai ba ne, kogi bai ƙafe ba. Abin da ya ɓata mata rai shi ne kin yi rani kin yi damina a jikin ɗakinta ba ki san sunanta ba."

Gaskiya ta faɗa, ban sani ba. Sunanta Mama Ajuwa. Ta yafe, amma da sharaɗi: kowace safiya in zo in zauna a bakin murhunta ta koya mini magana. Haka aka yi. Ta nuna wuta ta faɗi sunanta, ta nuna gishiri ta faɗi sunansa, in na karkata harshe ta yi dariya har da hawaye. Lokacin da na zo haihuwar babban wanki, naƙuda ta yi tsanani, uwata tana nan Jugu ba ta ma sani ba. Mama Ajuwa ce ta riƙe ni, ita ta yi masa wankan farko.

Saboda haka in kin isa, kafin ki jera tukwane, ki zaga maƙwabta ki gaishe su, ki tambayi sunan kowa ki riƙe. Ke ce baƙuwa, ke za ki fara sallama. Na san kin yi lakwal, kin iya Faransanci, za ki ce ai ke ba za ki ɓata ba. Faransanci na ofis ne. Mai sayar da rogo a kasuwa da yaren uwarta take dariya, ki koyi ko da gaisuwa da godiya da ban haƙuri. Za ki tarar da mutanenmu a can, ki je musu, ki ci abincinsu, ki yi zumunci, amma kada ki karɓi labarin 'yan gari duka daga bakinsu. Wani ya shekara a wuri bai taɓa shiga gidan ɗan gari ba, amma ya fi kowa ba da labarin halinsu.

Su kuma Toka da Citta, ki kulle su a ɗaki guda tukuna. Za su ɓuya ƙarƙashin gado, ki ƙyale su, kada ki jawo su. Ranar da kika ga sun ci sun ƙoshi, sun lashe jikinsu, sun miƙe ƙafa sun yi barci a fili, to sun karɓi wurin. Sannan ki fara fito da su tsakar gida kina tsaye, kuma da yunwa, don kwano ya dawo da su. Ki nuna wa maƙwabta su, su san naki ne. In sun ɗauki kifin wani ko ɗan tsakon wani, kada ki tsaya musu, ki biya ki ba da haƙuri. Citta na san ta da hannu, na ga abin da ta yi wa wagashina, cukun nan da na zo muku da shi.

Akwai wani kuskure da na yi wanda ba ya da hayaniya, amma ya fi daɗewa yana cin gidana. Na ƙi kwance kaya. Tasoshina na aure suna ɗaure a ƙulli a lungu, ina cewa ai gobe za mu koma. Bakina kuma ba ya rabuwa da "a Jugu kuwa". Doyarsu ruwa ce, ba kamar ta Kolokonde ba. Kasuwarsu hayaniya ce, ba kamar ta Partago ba. Ruwan samansu ba ya da ranar ɗaukewa. Babanki zai dawo a gajiye, kafin ya cire takalmi na fara jera masa. Sannu a hankali ya koma cin tuwo a rumbu tare da abokansa. Na zaci raini ne. Wata rana na tare shi na ce, "Alhaji, abincina ne ba ya maka daɗi?"

Ya ce, "Habi, ni ma fa a Jugu aka haife ni. In na shigo ina so in huta da kewa, sai in tarar kin dafa mini ita."

Ban taɓa tunanin shi ma yana kewa ba. Na ɗauka ni kaɗai aka ciro daga gida. Washegari na kwance ƙullin nan na jera tasoshi, na nemi kasko na shuka yakuwa da barkono a bayan ɗaki. Ba wani abin mamaki da ya faru, sai dai ya dawo cin abinci a gida.

Mushe zai tsaya gaban yaran da ba su san shi ba, wataƙila su yi wa harshensa dariya, wataƙila abokan aiki su ce baƙo ya zo cin abincinsu. Duk wannan zai haɗiye ya dawo gida. Ban ce ki ɓoye masa kewarki ba, ki faɗa, amma ki bar masa fili shi ma ya faɗi tasa. Ki kwance kayanki tun makon farko. Ki tafi da keken ɗinkinki ko da za a bar gado, don macen da ke da sana'a mata ke zuwa wurinta, kuma da zuwan mata ake sanin gari. Abincinsu da ya halatta ki ɗanɗana kafin ki yamutsa fuska. Na yi shekaru ina raina sakwarar rogo da ayaba, ga shi yanzu ina nan Jugu ina marmarinta.

Na san abin da ke bayan zuciyarki. Kin ga 'yan ƙasarmu da aka koro daga wasu ƙasashe a shekarun nan, sun sauka a tasha da tabarma da buta. Gaskiya ne, baƙo raɓa ne. To ki kame bakinki daga siyasarsu, kada ki yi musu gorin ilimi, kada ki yi adon da zai tsone idon wadda ba ta da shi. Amma kada tsoron kora ya hana ki zama. Wanda ya zauna da ƙafa ɗaya a waje, ko ba a kore shi ba bai ji daɗin wurin ba. Salla kuma ki riƙe ta a kan lokaci. An ce masallatai ba su da yawa a can, ba lallai ki ji kiran salla ba. Ki koyi inuwar gidanki, ita za ta gaya miki azahar da la'asar.

Saura guda, kuma ita ce ta fi yi mini wuyar rubutawa.

Da lokacin komawarmu gida ya yi, Wake ta tsufa. Haƙoranta sun zube, ba ta kama ko ƙadangare, yini take a kwance gefen murhun Mama Ajuwa tana shan ɗumi. Jikokinta sun cika unguwar. Ina ɗaure kaya Mama Ajuwa ta shigo, lokacin kuwa ba ma bukatar tafinta. Ta ce, "Habi, ki bar mini tsohuwar nan. Ta zama tamu. Hanya za ta wahalar da ita."

Na ce, "A Jugu aka haife ta, a Jugu za ta ƙare."

Na sa ta a kwando. Wannan karon ban buɗe ba, mun iso lafiya. Amma gidan da ta bari tana ƙarama ba ta gane shi ba. Ta ƙi cin abinci. Ta riƙa zagaya tsakar gida tana shinshina murhu, ba ta jin ƙamshin banda. Ko wata ba ta cika ba ta mutu a bayan randa. Na ce don ƙaunarta na ɗauko ta, amma don kaina ne. Ban so in bar komai nawa a can ba, alhali ita ta riga ta yi gida.

Yanzu Toka da Citta suna da ƙarfi, kuma ke ce gidansu, shi ya sa na ce ki tafi da su. Ranar dawowa kuwa, in Allah ya kai mu, ki dube su da kyau kafin ki yanke shawara. In sun tsufa kuma akwai hannun kirki da ke son su, ki bari, ki yi kukanki a jirgi.

Abin da na yi wa Wake ba zan yi miki ba. In kin je kin ji daɗin wurin, kada ki ji kunyar gaya mini. In Allah ya ba ki 'ya'ya suka tashi da yaren can a bakinsu, ki koya musu Hausa da Fatiha, sauran ki bar su. In aikin Mushe ya ƙara shekaru, kada ki riƙa rubuto mini ban haƙuri. Yayyenki suna kewaye da ni, ƙafata tana kai ni kasuwa, ba abin da na rasa. Na haife ki ne don ki rayu, ba don ki zauna gadin tsufana ba. Na kuma san wadda na raina. Yarinyar da ta iya sa kyanwoyi biyu su ci a kwano ɗaya ba faɗa, zama da mutane ba zai gagare ta ba.

Zan zo Paraku kafin ku tashi, ki share mini wuri. Ina tafe da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da man kaɗe, da garin doya don ki yi wa Mushe wasa-wasa ranar da kewa ta kama shi. Ni zan riƙe akwatin Toka har cikin jirgi, ke ki ji da ɓarauniyarki. In jirgi ya busa kada ki leƙo ta taga kina nemana. Ki zauna, ki dafa akwatunan, ki yi musu magana a hankali.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Ya haɗa ku da maƙwabtan kirki, ya sa ku ma ku zame musu na kirki. Ya sa albarka a aikin Mushe da a allurarki, ya ba ku zuri'a mai albarka a lokacin da ya fi alheri. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Habiba